Kan Kifi Ba Na Farfesu Kaɗai Ba Ne: Yadda Ake Gano Asalin Kifin Samon

Gabatarwa

A gidanmu, kamar sauran gidajen da ke kusa da ruwa a nan Kudu, ba a wasa da kan kifi. Idan aka sauke tukunya, kan na maigida ne ko na baƙon da ake ganin girmansa, yaro kuwa in ya sami wutsiya sai ya gode. Hatta kawunan busasshen kifin nan da ake kawowa daga ƙasar Norwe, da kuɗinmu muke saye mu zuba a miya. Saboda haka mai karatu zai fahimci irin mamakin da ya kama mu a ranar da matar kawuna ta bugo waya daga Kanada tana kawo wa mahaifiyata ƙara. Wai mijinta ya kamo ƙaton kifi, ya yanke kan, ya ɗaura masa 'yar takarda, ya kai wa gwamnati kyauta.

Kawun nan nawa ƙanen mahaifiyata ne, ya kuma daɗe yana aiki a tsibirin Vancouver da ke lardin Biritish Kolumbiya, a yammacin Kanada. Tun yana yaro a Epe yake son ruwa, don haka da ya je can sai ya shiga sahun masu kamun kifi don nishaɗi. Waɗannan mutane ne da ba su ɗauki su a matsayin sana'a ba. Lasisi suke yanka, su fita da fatsa a ranakun hutu, abin da suka kamo na cin gida ne, doka ma ta hana su sayarwa. Bayan wasu watanni da wancan rikici na kan kifi, sai Kawu ya turo mana hoton wata takarda ta WhatsApp. Hukumar kula da kamun kifi ta Kanada ce ke gaya masa cewa kifin da ya kama ba ɗan Kanada ba ne. An ƙyanƙyashe shi ne a jihar Washinton ta Amurka, ga sunan wurin, ga shekarar da aka zuba ƙwansa, ga kuma kogin da aka sake shi a ciki yana ɗan ƙarami.

Na tambaye shi, "Kawu, yaya aka yi suka sani? Kifin ne ya faɗa musu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ke ce 'yar jami'a, je ki bincika." To, abin da na binciko ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala. Na zaɓi in rubuta ta da Hausa ne da gangan, domin malaminmu na darasin fassara kullum yana cewa duk wanda yake son ya san iyakar Hausarsa, ya gwada bayyana abin da bai taɓa jin an faɗa da ita ba.

Kifin da yake komawa gida

Da farko dai, sunan kifin. Turawa suna rubuta shi da harafin "l" a tsakiya amma ba sa furta harafin, don haka na rubuta shi yadda kunne yake ji, wato samon. Kifi ne na ƙasashe masu sanyi, babu shi a ruwayenmu. A gaɓar Tekun Fasifik ta Amurka ta Arewa akwai irinsa guda biyar, amma biyu ne suka fi shafar zancenmu. Akwai cinuk, wanda ya sami sunansa daga wata ƙabila ta mutanen asali da ke zaune a bakin Kogin Kolumbiya, shi ne kuma mafi girma. A shekarar 1985 wani mai fatsa ya kama cinuk mai nauyin kilo 44 a Kogin Kenai da ke Alaska. Sai kuma koho, wanda bai kai cinuk girma ba.

Rayuwar samon ita ce tushen duk wannan magana. A cikin tsakuwar kogi ake zuba ƙwansa, a nan yake ƙyanƙyashewa, ya yi watanni ko shekara guda ko fiye a ruwan daɗi, sa'an nan ya gangara zuwa teku. A teku yake girma, inda cinuk kan yi shekara biyu, uku ko huɗu yana yawo, sau da yawa har ya kai ruwayen Alaska. Idan lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo, ya nemi bakin kogin da ya fito, ya yi ta hawa yana gaba da ruwa ba ya cin abinci, har ya isa rafin da aka haife shi. A nan zai zuba ƙwai ya mutu. Akwai wani irin samon da ake kira sokai wanda yake komawa tafkin Redfish a jihar Idaho, tafiyar kusan kilomita 1,450 daga teku, da hawan kusan mita 2,000, da ƙetare madatsun ruwa takwas. A shekarar 1992 kifi ɗaya tak ya iya kammala wannan tafiya.

Yaya yake gane hanya? A cikin teku masana suna ganin yana amfani da maganaɗisun duniya, a cikin kogi kuwa da ƙanshi. Wani masani mai suna Arthur Hasler da ɗalibinsa Warren Wisby sun gwada wannan a wani rafi mai suna Issaquah a jihar Washinton, suka buga sakamakon a 1954. Sun kama koho a rassan rafin guda biyu, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar ruwan suka sake su. Waɗanda hancinsu yake a buɗe, galibinsu sun koma reshen da aka kamo su, masu toshiyar hanci kuwa suka rikice.

Na wa ne kifin da ke cikin teku?

Matsalar ita ce, a cikin kogi kowane samon da gidansu, amma a teku duk a cakuɗe suke. Masunci zai jefa ƙugiya a gaɓar Alaska ya kamo kifin da aka haifa a Kanada ko a jihar Oregon. Wani kuma, kamar kawuna, zai kamo ɗan Amurka a gaɓar tsibirin Vancouver. Da ido ba za a bambance su ba. Ga shi kuma ba halinsu ɗaya ba: wani kogin kifinsa ya yi yawa har ana iya ɗiba ba tare da fargaba ba, wani kogin kuwa nasa saura kaɗan ya ƙare. Gwamnatin Amurka ta sa sokai na Kogin Snake cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa a 1991, ta kuma sa cinuk na yankin Puget Sound cikin waɗanda ke fuskantar barazana a 1999.

Ban da wannan, akwai batun dukiya. Jihohi da hukumomi suna kashe maƙudan kuɗi wajen gina gidajen ƙyanƙyasar kifi don cike gurbin abin da madatsun ruwa da sare dazuka suka lalata. Irin wannan gida na kira shi maƙyanƙyasa, bisa tsarin da ya ba mu makaranta da ma'aikata da masaƙa. To, wanda ya yi renon kifi da kuɗinsa ba zai ji daɗi ba idan maƙwabci ne yake tare shi a hanya kafin ya dawo. Wannan ya sa Amurka da Kanada suka sa hannu a kan yarjejeniyar rabon samon na Tekun Fasifik a 1985. Duk da haka rigima ba ta kwanta nan da nan ba. A watan Yuli na 1997, masunta 'yan Kanada da jiragensu fiye da ɗari suka kewaye wani jirgin fito na jihar Alaska mai suna Malaspina a tashar Prince Rupert, suka hana shi fita har kwana uku da fasinjojinsa a ciki, suna zargin masuntan Alaska da kwashe sokai da ke kan hanyarsa ta zuwa kogunan Kanada. Sai a 1999 aka daidaita a kan sabon tsarin rabo. A cikin Amurka kanta ma akwai wani rabon, domin tun 1974 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa ƙabilun asali na jihar Washinton da ke da yarjejeniya da gwamnati suna da haƙƙin rabin kifin da ake iya kamawa.

Duk waɗannan rabe-rabe ba za su yiwu ba sai an san kifin wa aka kama, a ina, kuma guda nawa. Shi ya sa a cikin takardun yarjejeniyar 1985 ƙasashen biyu suka ɗauki alkawarin ci gaba da yi wa kifi alama da tattara alamun daga abin da aka kama.

'Yar waya a cikin hanci

Yi wa samon alama ba sabon abu ba ne. Wani Baturen Ingila mai suna Izaak Walton, a littafinsa kan kamun kifi da fatsa wanda ya fara fitowa a 1653, ya ambaci mutanen da suke ɗaura zare a wutsiyar 'ya'yan samon don su ga ko za su dawo kogin. Daga baya aka riƙa maƙala wa kifi ɗan ƙarfe ko roba mai lamba a jiki. Da irin wannan alama ce aka gano a shekarun 1950 cewa samon na Tekun Atilantika da aka yi wa alama a Sikotilan yana zuwa kiwo har gaɓar yammacin Girinlan. Amma alamar da ke waje tana da illa ga ɗan kifin da bai wuce tsawon yatsa ba: tana rage masa sauri, tana jawo masa idon masu cinsa, tana kuma iya faɗuwa. Wata dabarar ita ce yanke fiffike, wannan garke a yanke na dama, wancan na hagu. Sai dai fiffiken kifi 'yan kaɗan ne, ba za su isa a bambance ɗaruruwan garkuna ba, wasu kuma in an yanke suna sake tsirowa.

Mafita ta zo ne daga mutum biyu, Peter Bergman, masanin halittar kifi a jihar Washinton, da Keith Jefferts, masanin kimiyyar fiziks. A 1963 suka bayyana dabararsu a mujallar kimiyya ta Nature. Dabarar kuwa ita ce guntun waya na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai tsawon milimita 1.1 da kaurin kwatar milimita, wato bai kai ƙwayar gero ba. Ana cusa shi da allura a cikin guringuntsin hancin ɗan kifi, nama ya rufe shi, ya zauna a nan har mutuwa. Da fari da zanen launuka ake bambance wayoyin, daga baya aka koma yin ƙananan tsagogi a jikinsu waɗanda ake karantawa da lissafin ɗaya da sifili, daga wajen shekarar 2000 kuma aka koma rubuta lambobi na sosai da hasken leza. Lambobin shida ne: biyun farko suna nuna hukumar da ta sa wayar, sauran huɗun suna nuna garken.

A lura da wannan kalma ta garke, domin nan ne mutane da yawa suke kuskure, ni ma da farko na yi. Lambar ba ta kifi ɗaya ba ce kamar lambar rajistar ɗalibi. Ta fi kama da lambar aji. Dubban 'ya'yan kifi da aka rena tare, aka kuma saka a rana ɗaya a wuri ɗaya, lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Maƙyanƙyasar za ta rubuta komai game da garken: irin kifin, kogin da iyayensa suka fito, shekarar ƙwai, nauyinsu a ranar saki, guda nawa aka sa wa waya, guda nawa aka saka ba waya. Duk waɗannan bayanai ana tura su wani rumbu guda da ke birnin Portland a jihar Oregon, wanda hukumomin Amurka da na Kanada suke zubawa suna kuma ɗiba. Fiye da 'ya'yan kifi miliyan 50 ake sa wa irin wannan waya a kowace shekara a wannan gaɓa. A da mutane ne suke zama suna yi ɗaya bayan ɗaya, yanzu akwai manyan motocin tirela masu na'ura a ciki da suke zagaya maƙyanƙyasai, suna gwada tsawon kifi, su sa waya, su sake shi cikin ruwa, dubbai a awa guda. Ba na maƙyanƙyasa kaɗai ake yi wa ba. A wani yanki na Kogin Kolumbiya da ake kira Hanford Reach, a kowace shekara ana kama 'ya'yan cinuk da aka haifa a cikin kogin a sa musu waya a mayar da su.

To, amma wayar tana ɓoye a cikin nama. Bayan shekara uku, wa zai san wane kifi ne yake ɗauke da ita a cikin dubban da aka kamo? Nan ne wani ɗan fiffike ya shigo. Samon yana da wani ƙaramin fiffike na tsoka zalla, ba ƙashi, a bayansa tsakanin babban fiffike da wutsiya. Wanda yake son ya ga irinsa ya duba ƙurungu, yana da shi, tarwaɗa kuwa ba ta da shi. Idan aka yanke shi da kyau tun kifin yana ƙarami ba ya sake fitowa. Saboda haka a shekarun 1970 hukumomin gaɓar suka amince a keɓe wannan yanka ga kifi mai waya kawai. Duk samon da aka gani ba ɗan fiffiken nan, saƙonsa ɗaya ne: akwai waya a hancina.

Daga hannun mai fatsa zuwa ɗakin bincike

Kifin da manyan jiragen kasuwanci suke kamowa bai cika ba da wahala ba, domin a tashoshi 'yan kaɗan ake sauke shi, ma'aikata kuma suna jira a can. Burin da hukumomi suka sa wa kansu shi ne su duba aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da aka sauke. Masu fatsa su ne aiki. Dubbai ne, kowa da ƙaramin jirginsa, kowa da lokacin da yake dawowa, wasu ma daga bakin gaɓa suke jefawa. A jihohin Amurka ana ajiye ma'aikata a wuraren da ake sauke jirage, su tare mutum su tambaye shi, su duba kifinsa, in akwai waya su yanke hancin. A Biritish Kolumbiya kuwa an fi dogara ga son ran mai fatsa. Akwai wuraren ajiye kai fiye da 200, a shagunan kayan kamun kifi da tashoshin ƙananan jirage da masaukan baƙi. Wanda ya kama cinuk ko koho marar ɗan fiffike sai ya yanke kan, ya cike wata 'yar takarda da ranar da ya kama da wurin da ya kama da adireshinsa, ya ɗaura ta a muƙamuƙin kifin, ya jefa a firiza ko a bokitin da aka tanada. Wannan shi ne laifin da Kawu ya aikata.

Aikin ɗakin bincike shi ya fi burge ni, saboda sauƙinsa. Tun ranar da aka sa wayar an mayar da ita maganaɗisu, don haka akwai na'urar da take ƙara idan an wuce da ita ta gabanta. Ma'aikaci zai raba kan biyu ya gwada kowane ɓari. Wanda bai yi ƙara ba ya yar, wanda ya yi ƙara ya sake raba shi biyu. Haka zai yi ta yi har naman ya koma ɗan mitsitsi, sa'an nan ya ɗauke wayar da tsinken maganaɗisu, ya goge ta, ya sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ya karanta lambar yana jujjuya ta. Yawanci akan sa wani ma'aikacin ya sake karantawa, domin kuskuren lamba ɗaya zai mayar da kifin Oregon ɗan Kanada.

Daga nan sai lissafi. Bari in kawo misali da alƙaluman da na ƙirƙira don sauƙin fahimta. A ce an sami wayoyi 40 masu lambar wani garke a wani yanki, an kuma san cewa kashi ɗaya cikin biyar na kifin yankin aka duba. Ke nan kowace waya tana wakiltar biyar, wato an kama masu waya kimanin 200. Idan kuma a ranar saki kashi ɗaya cikin goma na garken ne kawai aka sa wa waya, to masuntan wannan yanki sun ci kimanin 2,000 daga wannan garke. A yi haka a kowane yanki daga Alaska har Kalifoniya, a haɗa da waɗanda suka tsira suka koma kogi, sai a ga hoton rayuwar garken gaba ɗaya: nawa suka rayu a teku, wa ya kama nawa, nawa suka isa gida. Ana zaɓen wasu maƙyanƙyasai, kamar ta Robertson Creek a tsibirin Vancouver, su zama ma'auni ga kifin kogunan da ke kewaye da su waɗanda ba a yi musu alama ba. Da irin waɗannan wayoyi aka tabbatar cewa kaso mai yawa na cinuk da ake kamawa a kudu maso gabashin Alaska daga kogunan Kanada da Washinton da Oregon yake. Da su kuma aka ga cewa komawa gidan nan da ake yabon samon da shi ba kullum yake cika ba, wasu kifayen kan ɓace su shiga kogin da ba nasu ba.

Raunin lissafin a ɓangaren masu fatsa na Kanada a fili yake. Hukuma ba ta ga kifin da aka kai gida da kansa ba, sai dai ta ƙiyasta mutum nawa ne cikin ɗari suke kawo kai, ta hanyar kwatanta abin da ya shigo firiza da abin da ma'aikatanta suka ƙirga a tashoshi. Idan mutanen wani yanki suna kawowa na wani yankin ba sa kawowa, ko kuma wani ya rubuta wurin ƙarya don kada a san inda yake samun kifi, hoton zai karkace. Hoton nan kuwa shi ake kai wa teburin shawara tsakanin ƙasashen biyu.

Alamar da ma'anarta ta sauya

Ga wurin da nake ganin zai fi jan hankalin ɗaliban harshe. A darasin ilimin ma'ana an koya mana cewa dangantakar alama da abin da take nufi yarjejeniya ce kawai tsakanin masu amfani da ita, kuma ma'ana takan faɗaɗa ko ta ƙuntata. Kalmar waya da nake ta maimaitawa ma shaida ce: daga zaren ƙarfe ta koma saƙon tangaraho, ta koma tarho, yau har abin da ba shi da zare ko ɗaya muna ce masa waya. To, irin wannan ne ya sami ɗan fiffiken samon, sai dai shi da doka aka sauya masa ma'ana.

Da kifin da aka haifa a kogi ya yi ƙaranci, sai hukumomi suka rasa yadda za su yi. In an rufe kamun kifi gaba ɗaya, masunta za su shiga wahala alhali ga kifin maƙyanƙyasa nan jingim. In an bar shi a buɗe, za a ƙarasa na kogi. Dabarar da aka samo ita ce a yi wa duk ɗan maƙyanƙyasa alamar da za a gani da ido, a ce wa mai fatsa ya riƙe mai alama ya saki marar alama. Wace alama ce mai sauƙi, mai arha, wadda ba ta gogewa? Yankan ɗan fiffiken nan. Daga tsakiyar shekarun 1990 jihohin Washinton da Oregon suka fara yanke shi ga koho na maƙyanƙyasa gaba ɗaya, daga baya cinuk ya biyo, a 2003 kuma majalisar dokokin Amurka ta wajabta haka ga maƙyanƙyasan da gwamnatin tarayya take gudanarwa ko take ba kuɗi. Ke nan alamar da a da take cewa "akwai waya a hancina" ta koma cewa "ni ɗan maƙyanƙyasa ne".

A Amurka an magance ruɗanin da na'ura. Ma'aikaci yana riƙe da wata sanda mai kama da wadda masu gadi suke shafa mana a ƙofar banki, ya goga ta a kan kifin, in ta yi ƙara akwai waya. Amma kifi bai san iyakar ƙasa ba. Miliyoyin masu yankakken fiffike ba waya suna shiga ruwan Kanada, inda mai fatsa da ido yake aiki, yana karanta alamar da tsohuwar ma'anarta. Sakamakon haka firizoji suka cika da kawunan da babu komai a cikinsu, aikin ɗakin bincike ya ƙaru, mutumin da aka gaya masa sau biyu ko uku cewa ba a sami waya ba kuma yana iya yin sanyi. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi. Kifi mai waya an sa shi ne ya wakilci ɗan'uwansa na kogi, bisa zaton cewa abin da ya sami wannan shi zai sami wancan. Idan yanzu ana riƙe ɗaya ana sakin ɗaya, wakilcin ya rushe. Don gyara wannan, wasu maƙyanƙyasai suna sakin garke biyu masu lamba daban, ɗaya a yanke masa fiffike ɗaya a bar masa, a kwatanta nawa suka dawo daga kowanne. Shi wannan na biyun yana da waya amma ba alama, don haka mai fatsa irin kawuna ba zai taɓa sanin ya kai kansa ba.

Wasu hanyoyin

Wayar ba ta tsaya a gaɓar Fasifik ba. An kai koho manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1966, cinuk kuma a 1967. Daga 2011 aka shiga sa wa cinuk da ake zubawa a tafkunan Michigan da Huron waya tare da yanke fiffike, kifin da masu fatsa suka kamo kuma ya nuna cewa fiye da rabin cinuk da ake kamawa a tafkin Michigan haihuwar rafi ne, ba na maƙyanƙyasa ba.

A Kogin Kolumbiya, tun ƙarshen shekarun 1980 ake amfani da wata alama ta daban, 'yar kwalba mai tsawon milimita 12 da ake sa wa kifi a ciki. Ita lambar kifi ɗaya take ɗauke da ita, ana kuma karanta ta da na'ura yayin da kifin yake wucewa ta madatsar ruwa, ba sai an kashe shi ba. Ta fi waya tsada nesa ba kusa ba. Da ita aka gane irin ɓarnar da tsuntsayen ruwa suke yi, domin an tsinci dubbanta a tsibiran bakin kogin inda tsuntsayen suke sheƙa. Sabuwar hanya kuwa ita ce ta ƙwayoyin gado: a ɗebi ɗan guntun fiffike daga kowane uba da uwa da aka yi amfani da su a maƙyanƙyasa a ajiye bayanansu, duk ɗansu da aka kama daga baya gwaji zai nuna iyayensa. Jihar Idaho ta yi nisa da wannan, Kanada ma tana amfani da ita. Da ita babu allura babu waya, ba a kuma buƙatar kai, ɗan guntun fiffike ya isa.

Wannan labari na ƙarshe shi ne kaɗai ya faranta ran matar kawuna da na ba ta bayanin abin da na binciko. A kakar da ta wuce Kawu ya kai kawuna uku, amsa ta zo cewa biyu daga ciki babu waya. Da muka yi magana sai ta ce mini, "Ki rubuta a mujallar taku cewa tukunya biyu ta farfesu suke bina." Na ce, "Anti, ke ce kike bin su, ba su suke bin ki ba." Ta ce in rubuta yadda ya dace, ni ce mai karatun Hausa, ita dai a biya ta.